A Tausaya Wa Yatsun Manoma Wajen Kawo Mana Kwamfuta

Edita,

Ina roƙonka don girman Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san wani zai ce ina ruwan manomi da zancen kwamfuta, to amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin nan da wasu ke gani wasa ne, ni ya kusa raba ni da mutuncina a garinmu har sau biyu, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ni dai manomi ne, masara da waken soya nake nomawa, in rani ya yi kuma ina ɗan taɓa saye da sayar da hatsi a kasuwar Dandume, ga kuma 'yar tireda a ƙofar gida. Saboda ɗan karatun firamaren da na yi, sai 'yan'uwana manoma suka ɗora mini aikin magatakardan ƙungiyarmu, mu 43. Duk wanda ya kawo kuɗin taki ko na iri, ni nake rubutawa, kuma shekara da shekaru a babban littafi mai bangon kwali nake wannan aiki, ba a taɓa samun saɓani ko na kwabo ba. A shekarar 2021 ne samarinmu suka matsa cewa zamani ya wuce littafi, aka haɗa kuɗi aka sayo mana kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar tokumbo daga Kano. Daga baya kuma ɗana ya kawo mini wannan falalen gilashin da ake kira tabulet, wai in riƙa zuwa kasuwa da shi. To waɗannan abubuwa biyu su ne nake son in yi magana a kansu.

Na farko, wannan ɗan faifan da ke shimfiɗe a gaban madannan kwamfutar, wanda ake shafawa da yatsa domin kibiyar da ke cikin gilashi ta motsa. Jama'a, wannan faifai ba a yi shi don hannun da ya riƙe fartanya ba. In sanyin hunturu ya shigo yatsa ya bushe, ga kanta, ga kaushi, sai ka yi ta shafa kamar mai lallashin jariri amma kibiya ta ƙi motsi. In kuma bazara ce gumi na tsattsafowa, sai ta riƙa tsalle kamar an tsikari akuya, ka nufi gabas ta yi yamma. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne, lokacin da kake nemansa ba ya jin ka, lokacin da ba ka neme shi ba kuwa, ko gefen tafin hannunka ne ya ɗan goge shi, ya ji.

Da abin ya ishe ni sai na tambayi wani yaro mai gyaran kwamfuta, ya yi mini bayanin da na gamsu da shi. Ya ce faifan ba nauyin yatsa yake ji ba, akwai 'yar wuta siririya da ke shimfiɗe a ƙarƙashinsa, jikin ɗan Adam kuwa yana ɗaukar wuta, to da yatsa ya kusanto sai ya canza yanayin wutar nan a daidai wurin, shi ne na'urar ke gane inda ka taɓa. Shi ya sa in ka sa tsinke ko murfin biro ba ya motsi ko kaɗan. Busasshiyar fata mai kauri tana tare wannan abu, ɗigon ruwa ko gumi kuma yana rikita shi ya ɗauka wani yatsan ne. Gilashin tabulet da na manyan wayoyi duk haka suke aiki. Da na ji haka sai na ce ashe ba iyawa ce kaɗai ba mu yi ba, har da hannun da Allah ya ba mu da sana'ar da muke yi da shi.

Ga abin da ya same ni. Ana gab da faɗuwar damina, wani dattijo a ƙungiyarmu, sa'an mahaifina, ya kawo kuɗin taki buhu 6. Na buɗe kwamfuta na nemo layin sunansa na fara bugawa. Irina kuwa in ina rubutu madannai nake kallo, ba gilashi ba, ɗaya bayan ɗaya nake tsintar haruffa kamar kaza na tsintar tsaba. Ashe gindin babban yatsana ya taɓa faifan nan, kibiya ta haura sama ta shiga layin wani mutum dabam, can kuɗin dattijo suka sauka, ni ban sani ba na rufe na tafi masallaci. Ranar rabon taki a gaban jama'a na duba na ce, “Baba, ai ban ga kuɗinka a nan ba.” Ya dube ni ya ce, “Yaro, a gabana aka yi sunanka, yau ni za ka mai da maƙaryaci?” Wallahi Edita ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Allah ne ya rufa mini asiri, domin ranar da ya kawo kuɗin na ɗan rubuta a bayan kwalin sabulu a tireda kafin in buɗe na'urar, shi aka je aka lalubo. Na ba shi haƙuri har gida ya ce ya yafe, amma har yau in ya kawo kuɗi sai ya tsaya ya ga na sa a littafi kafin ya tafi, kuma ban ga laifinsa ba.

Na biyu, madannan tabulet, wato haruffa da lambobin nan da suke fitowa a jikin gilashi kamar zane. Duk wanda ya riƙe ƙananan wayoyin nan na Nokia da muka fara saye bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, ya san cewa ko a cikin duhu kana iya danna lamba, domin yatsa yana jin kowane madanni, kuma akwai ɗan tudu a wajen lamba 5 da ke nuna maka tsakiya. Haka madannan kwamfuta na sosai, in ka shafa harafin F da na J za ka ji ɗan ƙullutu, an yi shi ne don yatsa ya san gida ba sai ido ya duba ba. Gilashi kuwa sumul yake, ba tudu ba kwari, ba ka san ka danna ko ba ka danna ba sai ka ga abin da ya fito. Yatsan manomi kuma ba siriri ba ne, ka nufi harafi ɗaya ya kwaso biyu. In kana tsaye a rana tsakiyar kasuwa ma, haske ya dake gilashin, ko haruffan ba ka gani sai ka shiga inuwar rumfa.

Akwai kuma wani tarko da nake son 'yan'uwana 'yan kasuwa su lura da shi, domin mutane da yawa ba su taɓa kula ba. Ku ɗauki kalkuletarku ku ajiye kusa da waya ku duba. A kalkuleta 7 da 8 da 9 ne a layin sama, 1 da 2 da 3 a ƙasa. A waya da tabulet kuwa, wurin buga lamba, 1 da 2 da 3 ne a sama, 7 da 8 da 9 a ƙasa. Layin tsakiya ne kawai, wato 4 da 5 da 6, suka yi daidai. Wanda ya shekara ashirin yana lissafin buhuna da kalkuleta, yatsansa ya riga ya haddace hanya, ba ya jiran izinin ido.

A farkon 2023, lokacin da aka canza takardun N200 da N500 da N1,000 kuɗi suka yi wuya a hannun jama'a, dole ta sa kowa ya koma tura kuɗi ta waya, har mai sayar da ƙosai. A cikin wannan hali na ɗauko wa ƙungiya kaya, zan biya mai mota N15,000. Ga mutane sun yi cincirindo, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa, sai yatsana ya tafi kusurwar ƙasa ta hagu inda ya saba samun 1 a kalkuleta, ashe 7 ce a wurin. Lamba 5 tana inda take, sifirori ma haka, sai N75,000 suka fita daga kuɗin mutane. Ba zan ɓoye laifina ba, na'urar ta nuna mini adadin kafin in amince, gaggawa ce ta hana ni karantawa. Direban nan mai tsoron Allah ne, da na kira shi bai yi musu ba, amma saboda matsalar sabis ta wancan lokaci sai da aka kwana 9 kafin N60,000 ɗin su dawo. A kwana 9 ɗin nan ba irin maganar da ban ji ba a majalisa, har da masu cewa magatakarda ya fara juya kuɗin ƙungiya a kasuwa. Da a hannun wani maras imani suka faɗa, sai dai in sayar da ɗan maraƙina in biya.

Na uku, harshenmu na Hausa. Tsarin jeren haruffan da ke jikin waɗannan na'urori duka an gaje shi ne daga tafireta da aka ƙera a Amurka tun cikin shekarun 1870, don rubutun Turanci. Babu ɓ a ciki, babu ɗ, babu ƙ, balle ƴ ɗin da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa a inda mu muke sa 'y. Alhali kuwa tun cikin shekarun 1930 aka tsai da waɗannan haruffa masu lanƙwasa a rubutun boko, aka kuma yi shekara da shekaru ana buga littattafai da jaridu da su a Zariya. Yau ga shi muna da na'urar da ta fi tafireta sau dubu, amma yaranmu sun koma rubuta Hausa ba lanƙwasa. Wani zai ce ai ana ganewa. Ba kullum ba. Fada dabam, faɗa dabam. Baki dabam, baƙi dabam. Kara dabam, ƙara dabam. Na taɓa aika wa ƙanena saƙo cewa na tafi fada, wato gidan mai gari, shi kuwa ya karanta faɗa, sai ga shi ya taho da gudu da gora a hannu yana tambayar wa ya taɓa Yaya.

Sai kuma wannan shisshigi da tabulet ke yi na gyara maka rubutu ba ka sa shi ba. Ka rubuta kalmar Hausa tsaf, kana ɗaga yatsa ya mai da ita wata kalmar Turanci da ba ka taɓa ji ba, ka goge ka sake ya sake mayarwa, kamar yaron da ba ya jin magana. Saƙon da za ka faɗa da baki cikin daƙiƙa goma sai ya ci maka minti biyar. Shi ya sa akasarin mutanenmu suka haƙura da rubutu suka koma aika murya a WhatsApp. Murya tana da daɗi, amma ciniki ba ya tsayuwa a kanta. In rigima ta tashi a kan buhu nawa aka ce ko nawa aka tsayar, wa zai zauna ya saurari saƙon murya ɗari biyu yana neman guda ɗaya? Rubutu shi ne shaida.

Samarinmu in na yi wannan ƙorafi sai su yi dariya su ce, “Baba, ai kai ne ba ka saba ba.” Na yarda akwai gaskiya a ciki, domin ina ganin yadda yatsunsu ke gudu a gilashi kamar ruwa. Ba kuma zan ƙi faɗin alherin tabulet ba. Ba shi da nauyi, cajinsa ya fi na tsohuwar kwamfutarmu daɗewa nesa ba kusa ba, ƙura ba ta da ramin da za ta shiga ta maƙale, kuma da shi nake ɗaukar hoton tsutsar da ta kama mini masara in aika wa malamin gona, da shi nake sauraron karatu da dare. Wajen kallo da saurare ba shi da na biyu. Amma wajen rubuta kuɗin mutane, ni dai ban yarda da shi ba. Kuma ina tambayar samarin nan, in takalmi ya matse ƙafa, ƙafar ake yankewa ko takalmin ake canzawa? Mu ne muka sayi abin da kuɗinmu, shi ya kamata ya bi hannunmu.

Masu ƙera abin ma ba a rana ɗaya suka tsaya a kan faifan shafa ba. Mai gyaran nan ya gaya mini cewa a da, da yawa daga kwamfutocin tafi-da-gidanka wata 'yar ƙwallo ake murzawa a jikinsu, sai a 1994 kamfanin Apple ya fito da masu faifai, sauran suka bi sahu, tabulet kuwa bai yaɗu ba sai bayan fitowar iPad a 2010. Ya kuma nuna mini wata da ake kira ThinkPad, wadda kamfanin IBM ya fara yi a 1992, daga baya Lenovo na ƙasar Sin ya saye sashen a 2005. Ita tana da wani ɗan jan maɓalli a tsakiyar haruffa kamar ƙwayar wake, turawa ake yi ba shafawa ba, nauyin yatsa yake ji, don haka ba ruwansa da kaushi ko kanta. Na gwada na ji kamar don ni aka yi. Da na san da ita tun farko, da ita zan ce a sayo mana.

To ga shawarata ga 'yan'uwana manoma da 'yan tireda, abin da ni na gwada na ga amfaninsa. In kana da kwamfutar tafi-da-gidanka, ka sayi linzamin nan na hannu da ake kira maus, mai igiya, ba ya cin batir kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ka sa wani yaro ya shiga cikin saiti ya kashe maka faifan in linzami na jone, ko aƙalla ya kashe wurin da ke sa taɓawa kawai ta zama danni. In za ka sayi sabuwa, ka nemi mai maɓallai biyu na gaske a ƙasan faifan, waɗanda za ka ji sun ce ƙas in ka danna, in da hali kuma mai jeren lambobi a gefen dama irin na kalkuleta. Kada ka biya kuɗi sai ka zauna ka rubuta sunanka da na garinku da hannunka, ba da hannun mai shago ba. In tabulet ne ko babbar waya, ka sa a ƙara maka Hausa a cikin madannan, akwai ta a Gboard, a nan za ka sami ɓ da ɗ da ƙ, sannan a kashe maka gyaran nan na shisshigi. Ana kuma iya jona masa madannai na sosai ta 'yar igiya ko ta bulutut. Ka goge hannunka kafin ka taɓa, in hunturu ne ka ɗan shafa mai kaɗan. Wanda ya fi duka, kada ka tura kuɗi sai ka karanta adadin da sunan mai karɓa sau biyu, da ƙarfi, wanda za ka tura wa yana ji, ko da mutum ɗari ne ke jira a bayanka. Kuma kada ka jefar da littafinka. Ni yanzu littafi ne gaba, kwamfuta a baya.

Daga nan ina kira da babbar murya ga hukumomi da ƙungiyoyin da ke raba wa malaman gona da shugabannin manoma tabulet don ɗaukar sunaye, da su riƙa haɗawa da madannai na sosai, su kuma ba da horo da Hausa, ba a tara mutane yini ɗaya a otal a yi musu Turanci a sallame su ba. Harafi ɗaya in ya kuskure a sunan mutum ko lamba ɗaya a lambar wayarsa, shi ke nan taki ya wuce shi a wannan shekara, shi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ina kuma kira ga shugabannin makarantun ƙauye da iyayen yara. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta. Yaron da duk rayuwarsa gilashin waya ya sani yana shafawa, ranar jarrabawa ce za a fara ajiye masa madannai da linzami a gabansa, ga agogo na gudu. Yana iya sanin amsa tsaf, hannu ya ci amanarsa. Ya kamata tun kafin ranar a zaunar da su a gaban kwamfuta ta sosai, a nuna musu cewa ana iya zaɓen amsa da harafin A ko B ko C ko D, a ci gaba da N, a koma baya da P, ba sai an yi kokawa da kibiya ba. Ko kwamfuta biyu ce a makaranta, in an yi layi kowa zai taɓa.

Haka nan malamanmu na Hausa da ke jami'o'i, irin su Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello da ke Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, don Allah ku tashi tsaye ku haɗa kai da 'yan kasuwar da ke shigo da waɗannan kaya, a samar da madannai masu haruffanmu a rubuce a jikinsu. Na ga masu haruffan Larabci da idona ana sayarwa a Kano. In an yi wa Larabci, me zai hana a yi wa Hausa mai miliyoyin masu magana da ita daga nan har Nijar da Gana da Sudan? Su kuma masu shaguna, ku ji tsoron Allah ku riƙa gaya wa baƙauye gaskiyar abin da zai dace da aikinsa, ba wanda ya fi ƙyalli ko ya fi kawo muku riba ba.

A ƙarshe Edita, ni ba ƙin zamani nake yi ba, wanda ya ƙi zamani ma zamani ba zai jira shi ba. Abin da nake roƙo shi ne a tuna cewa hannun da ke noma abincin da kowa ke ci shi ma yanzu an tilasta masa taɓa gilashin nan, a banki, a kasuwa, a wurin rajista. Ina fata sauran masu karatu da suka gamu da irin wannan matsala za su rubuto mu ji yadda suka yi da ita, ko ma ƙaru da juna.

Allah ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Naka,
Wani manomi ɗan tireda,
Daga ƙasar Funtuwa, Jihar Katsina.